Lahadin da Na Bar Baba a Gida

Litinin, 10 ga Maris, da hantsi

An kwantar da Baba. Ƙashin ƙugu ne, gefen hagu. Likita ya ɗaga hoton ya nuna mini wurin da biro, sannan ya tambaye ni yadda aka yi. Na ce zamewa ya yi. Nas ta tambaya, na ce zamewa ya yi. Na kira shugabar makarantarmu na ce ba zan samu shiga aji ba makon nan, ita ma haka na faɗa mata.

Barci yake yi yanzu, baki a buɗe. Wanda bai san shi ba ba zai yarda wannan ne Malam Joseph mai bishara ba, mutumin da ya ƙarar da ƙuruciyarsa a kan keke yana zaga ƙauyukan Zonkwa, wanda in ya ɗaga murya a majami'a har na bakin hanya suna ji. Bayan rasuwar Mama na ɗauko shi zuwa Katsina, don mantuwar ta yi yawa, har ya fara shiga gonakin mutane yana nemanta. A gaban dangi na miƙe na ce ni zan riƙe shi, zan iya. Har tafi aka yi mini.

Ban kira ƙanena Victor ba tukuna.

Talata, 11 ga Maris, bayan Magariba

Hajiya Bilkisu, matar mai gidan da nake haya a Ƙofar Kaura, ta zo da kunu da ƙosai cikin kwano, daga abin buɗa-bakinsu. Muka gaisa, ta tambayi mai jiki, ta tambayi gajiya, ta tambayi zafin gari. Da za ta tafi sai ta kwance bakin mayafinta ta miƙo mini wani abu a dunƙule.

"Malama, ga shi nan. Alhaji ya ce a ba ki. Ƙofar kuma kafinta zai zo ya gyara."

Na karɓa na jefa cikin jaka ban duba ba. Na san nauyinsa. Ta juya ta tafi. Da ma ta zage ni.

Laraba, 12 ga Maris, da safe

Na kira Victor. Na ce zamewa ya yi.

Juma'a, 14 ga Maris, da la'asar

Victor ya iso daga Kaduna, ko gida bai biya ba. Ƙanena ne, amma ya fi ni tsawo tun yana sakandare, kuma har yau kukansa ba ya da wuya. Ya durƙusa a bakin gado ya ce, "Baba, ni ne." Baba ya dube shi da fara'a irin ta karɓar baƙo, ya tambaye shi ko an fara sharar gona a wajensu.

A waje Victor ya riƙe hannuna. "Yaya, Allah ya saka miki. Ga aiki, ga coci, ga Baba, ke kaɗai. Mu dai sai waya muke yi. Kada ki ɗora wa kanki laifi, tsoho ko a gabanka yake yana iya faɗuwa."

Na ce masa bari in je in ɗebo ruwa. Na daɗe a wajen famfo.

Lahadi, 16 ga Maris, da rana

Ban je sujada ba. Na ce babu mai zama da Baba, alhali Victor yana nan.

Talata, 18 ga Maris, da hantsi

Tun jiya Lahadin farkon wata take dawo mini, gara in rubuta ko za ta ƙyale ni.

Na shirya shi da kyau ranar, na sa masa kwat ɗinsa mai ruwan ƙasa, muka zauna a layin gaba. Ana tsakiyar wa'azi sai ya miƙe tsaye. Na ɗauka fitsari zai fita. Sai ya juya ya fuskanci jama'a, da wannan muryar tasa da ba ta tsufa ba, ya ce, "Wai wane ne wannan da kuke ta kiran sunansa tun ɗazu? Ɗan gidan wa ne?"

Yara suka fashe da dariya. Manya suka sunkuyar da kai. Fasto ya tsaya da magana. Da na kama hannunsa zan zaunar da shi na ga wandon ya jiƙe har ƙasa. Na ja shi ta tsakiyar majami'a, doguwar hanya, yana tirjewa yana cewa ba a ba shi amsa ba.

Mutumin da ya koya mini sunan. Ya koya wa rabin ƙauyenmu sunan. Ranar Asabar yakan jera mu a tsakar gida mu biya ayoyi, wanda ya yi tuntuɓe ya koma farko. Yakan ce, abin da ka zuba a kai ba mai iya sace maka. To, ga shi an kwashe nasa tas, ko sunan ba a bar masa ba.

Kuma Lahadin da ke biye ita ce ranar zumuntar mata. Ni aka ba jawabi.

Alhamis, 20 ga Maris, da yamma

Likita ya ce ba za su yi tiyata ba, zuciyarsa ba za ta ɗauka ba. Sai dai kwanciya da juyawa da maganin zafi. Victor ya koma bakin aiki, zai dawo bayan Sallah.

Da muka rage mu biyu na jawo kujera na ce, "Baba, mu yi Addu'ar Ubangiji." Na faɗi layin farko na ce ya maimaita. Ya maimaita. Na faɗi na biyu, ya haɗa shi da wata magana daban. Na ce a'a, mu koma farko. Muka koma. Muka sake komawa. Ban san lokacin da muryata ta zama ta aji ba, sai da na ga leɓensa yana rawa, hawaye na gangara cikin kunnensa. Ya ce, "Malama, ki yi haƙuri, gobe zan iya."

Me nake nema a wurinsa? Wa nake so ya ci wa jarrabawa?

Asabar, 22 ga Maris, da safe

Na durƙusa zan yi addu'a, ba abin da ya fito. Na tashi na wanke zannuwan gado.

Lahadi, 23 ga Maris, da la'asar

Ban je ba.

Fasto ya zo bayan an tashi. Ya yi wa Baba addu'a, Baba yana ta jan hannun rigarsa yana tambaya wa ya ari kekensa bai dawo da shi ba. Na raka Fasto har bakin baranda, can na tambaye shi abin da ke cina. Na ce, mutumin da bai san sunan Mai Cetonsa ba, in ya mutu a haka, ina ya tsaya?

 Sai ya ce, "Tabitha, ranar da aka fara kai ki majami'a, sunan wa kika sani?"

Na ce ina goye, ban san komai ba.

"To, an dai kai ki. Kuma ba a kore ki ba." Ya share gumi da hankici. "Ni ban san abin da ke cikin kan Baba ba. Amma ban taɓa karanta inda aka ce ceton mutum yana rataye da ƙwaƙwalwarsa ba. Da haka ne, da mun shiga uku duk sanda muka yi barci."

Sannan ya ce mata suna ta yabon jawabina na ranar zumunta, wasu na so in maimaita shi a taron gunduma. Na ce zan yi tunani.

Bangaskiya mai tsayawa daram. Kan maganar ke nan. Na yi ta da kyau kuwa, har guɗa aka yi. Wayata tana cikin jaka, na kashe mata ƙara. Sai da aka tashi, aka gama gaishe-gaishe, aka ɗauki hotuna, na ga kiran Hajiya jere a kan juna.

Laraba, 26 ga Maris, da hantsi

Na koma gida ɗaukar kaya, na tarar da Alhaji Usman a kan tabarmarsa a zaure, da carbi. Tun ranar nake kauce masa. Yau babu hanya. Na durƙusa na gaishe shi, na yi masa sannu da azumi, na yi godiya da kai Baba asibiti da ya yi a motarsa.

"Mi na yi, Malama? Malam Yusuhu abokin hirata ne." Haka yake kiran Baba. "Kina makaranta shina hitowa nan mu zauna. Ba shi gane ni, kullum sai mun sake gaisawa daga farko. Amma akwai abin da ban gane ba. Mutumin da bai san Litinin ba bai san Talata ba, ya aka yi ya san Lahadi?"

Na ce ban fahimta ba.

"Ranar nan tun da kika hita muke jin shi. Shina bugun ƙofa shina cewa an kaɗa ƙararrawa, mutane na jiran shi, a buɗe mishi. Hajiya ta ce in bari kila ya gaji. Sai muka ji faɗuwa. Da muka ɓalle ƙofar, ga shi ƙasa kusa da taga, kujera ta kife. Ya sa kwat ɗin nan nashi. Ya sa takalmi, na dama a hagu. Ko da muka ɗauke shi ba ciwon yake kuka ba, cewa yake ya makara."

Ban san yadda na tashi daga zauren ba. Kayan da na je ɗauka ma ban ɗauko ba.

Alhamis, 27 ga Maris, da safe

Ya sa takalmi.

Alhamis ɗin dai, da la'asar

Ni na ɓoye kwat ɗin a ƙasan akwati don kada ya gani ya tuna. Ya tono shi.

Litinin, 31 ga Maris, da rana

Jiya aka yi Sallah. Hajiya ta aiko da tuwo da miyar taushe, na raba wa masu jinya.

A gadon da ke kusa da na Baba akwai wani mahauci daga Ƙofar 'Yandaka, Malam Kabiru, ciwon suga ya ci masa ƙafa. Yau da aka zo wanke masa ciwon ya yi ta nishi, babban mutum, yana cizon filo. Da nas ta tafi sai na ga Baba yana miƙa hannu ta tsakanin gadajen. Na tashi zan mayar masa da hannun, Malam Kabiru ya ce, "Ƙyale shi, Malama." Ya matso da kansa har hannun Baba ya sauka a goshinsa.

Baba ya rufe ido ya fara addu'a da yarenmu. Ya roƙi ruwan sama a kan lokaci. Ya roƙi lafiyar awaki. Ya roƙa wa matafiya hanya mai kyau, ya roƙa wa wata mata da ta mutu tun ina firamare sauƙin haihuwa. Sannan ya ce, wannan ɗan'uwa nawa yana shan wuya, ka ba shi barci, kai ka san shi, ni ban san shi ba.

Da ya zo wurin rufewa sai ya tsaya. Bakinsa yana motsi, yana lalube. Na buɗe nawa bakin zan ba shi sunan, kamar yadda nake yi wa ɗalibi in ya maƙale. Sai Malam Kabiru, wanda bai ji ko kalma ɗaya ba, ya ce, "Amin, Baba. Amin." Baba ya buɗe ido ya yi murmushi, ya gama abinsa.

Na rufe bakina. Wa yake yi wa magana, in ba Mai Cetonsa ba? Ya manta sunan, bai manta inda ake juyawa ba.

Laraba, 2 ga Afrilu, da yamma

Na faɗa masa. Na jira ya ci abinci, idonsa ya yi haske, na kama hannunsa na faɗa masa duka, tun daga sayen abin a kasuwa ranar Asabar har zuwa ƙarar da ya yi da na danna shi. Na ce, Baba, ka gafarta mini.

Ya saurara sosai, yana gyaɗa kai kamar yadda yakan yi wa masu kawo masa damuwa a da. Sai ya ce, "Yarinya, wannan abu bai yi kyau ba. Amma ki je ki same shi ki faɗa masa, zai ji ki." Sai ya ƙara da cewa, "Ni ma ina da 'ya a Katsina. Malama ce. Ba ta da lokaci, amma yarinyar kirki ce."

Wanda na yi wa laifin ba ya nan. Wannan da ke kwance ba ya bina komai. To wa zai ce mini ya wuce?

Asabar, 5 ga Afrilu, da la'asar

Victor ya dawo. A ƙarƙashin darbejiyar da ke bakin ɗakin maza na tsayar da shi, na ce ba zamewa Baba ya yi ba. Ina magana yana kallon ƙasa.

"Kwaɗo, Yaya?"

Na ce e.

"Kamar akuya?"

Na sunkuyar da kai.

"Don kada ya ba ki kunya a gaban mata. Ki hau bagade ki koya wa mutane bangaskiya, shi yana ciki yana bugun ƙofa." Muryarsa ba ta tashi ba, da ma ta tashi. "Kuma kika bar ni ina yi miki godiya."

Ya ce bayan Ista zai samo mota ya kai Baba gida, shi Victor ɗin matarsa za ta zauna da shi. Bai nemi shawarata ba. Ya shiga ya zauna wajen Baba, ni na tsaya a waje har aka kira Magariba.

Lahadi, 6 ga Afrilu, da rana

Ban je ba. Amma na yi addu'a, karon farko. Gajeriya ce. Na ce, ga ni. Ban iya ƙara komai ba, ban kuma ji komai ba. Na dai zauna.

Laraba, 9 ga Afrilu, da hantsi

Na koma aji jiya. Wata yarinya ta kasa amsa tambaya, ta fara rawar baki. Na ce ta zauna, ba komai. Duk ajin suka dube ni.

A da na ɗauka bangaskiya tana girma ne yadda ilimi yake girma: ka ƙara aya, ka ƙara azumi, a ƙara maka muƙami, daga mawaƙa zuwa shugabar mata. Ni tawa ta yi tsawo sosai a idon mutane, amma ba ta iya zama kusa da tsoho mai jiƙaƙƙen wando ba. Ban san abin da zan kira wannan da ya rage mini yanzu ba. Ƙarama ce ƙwarai, kuma ba ta iya jawabi ba.

Juma'a, 11 ga Afrilu, da yamma

Na yanke shawara. Ranar Ista zan kai shi sujada kafin Victor ya tafi da shi. Nas ta ce za a ara mini keken guragu in likita ya yarda. Alhaji ya ce motarsa tana nan, shi da kansa zai kai mu har bakin ƙofa ya jira. Layin gaba za mu zauna. In ya yi tambayarsa, zan amsa masa da ƙarfi, kowa ya ji. In ya jiƙa wando, ya jiƙa.

Na faɗa wa Baba, ya ce to, a duba masa iskar tayar kekensa.

Litinin, 14 ga Afrilu, da safe

Tari da zazzaɓi. Sun ce kwanciyar ce ta taɓa masa huhu. An sa ƙarin ruwa.

Laraba, 16 ga Afrilu, da la'asar

Ba ya magana. Victor yana gefe ɗaya, ina gefe ɗaya. Mukan miƙa wa juna tsumma da ruwa ba tare da mun haɗa ido ba.

Alhamis, 17 ga Afrilu

Da azahar.

Asabar, 26 ga Afrilu, da yamma

Na dawo daga gida. An binne shi kusa da Mama, bayan tsohuwar majami'ar da ya gina da hannunsa. Mutane sun zo daga ƙauyukan da ban taɓa jin sunansu ba. Wata tsohuwa ta ce shi ya ɗauki mijinta a keke zuwa asibiti cikin ruwan sama. Wani ya ce Baba ya mare shi yana yaro saboda ya yi dariya a sujada, kuma daga baya ya taka har gidansu ya ba shi haƙuri a gaban iyayensa. Ban taɓa sanin wannan ba.

An ce 'yarsa malama ta yi magana a bakin kabari. Na miƙe, na ce na gode da zuwanku, na zauna. Dangi sun ɗauka kuka ne ya hana ni.

Victor bai faɗa wa kowa ba. Bai kuma yi mini magana ba duk kwanakin makoki, sai abin da ya zama dole. A tasha ya ɗauki jakata ya sa a bayan mota, ya tsaya yana kallon direba yana ɗaure kaya. Har na shiga na zauna, sai ya leƙo ta taga.

"Ban huce ba, Yaya."

Na ce na sani.

"Amma in na kira, ki ɗauka."

Lahadi, 27 ga Afrilu, da rana

Na je. A layin baya na zauna, na mayar wa Fasto da maganar taron gunduma, na ce a ba wata.

Ana sanarwa aka ambaci sunayen marasa lafiya da tsofaffin da ba sa iya zuwa, a sa su a addu'a. A ciki har da Mama Tani, wadda ta fi kowa daɗewa a ikilisiyar nan. Na tambayi ta kusa da ni me ya same ta. Ta raɗa mini cewa lafiyarta ƙalau, kunne ne ya tafi, tana magana da ƙarfi ana wa'azi, shi ya sa 'ya'yanta suka daina kawo ta. Ta faɗa tana ɗan murmushi, tana jiran in taya ta.

Lahadi, 4 ga Mayu, da la'asar

Na tari kurkura, keken haya mai ƙafa uku, na je har hanyar Batagarawa na ɗauko ta. Na tarar ta riga ta ɗaura zanenta na zumunta tana zaune a bakin gado. Surukarta ta ce haka take yi duk Lahadi, sai rana ta take ta cire.

Ta yi surutu tun daga waƙar farko har addu'ar rufewa. Ta tambaye ni 'yar wa ce ni, na faɗa mata, ta sake tambaya. Mutane suna waiwaye. Kunyar ta zo, yadda ta saba zuwa, ta hau mini wuya har kunnuwa. Na zauna da ita.

Wannan bai biya komai ba. Baba bai samu Lahadinsa ba, kuma ni na hana shi. Da na mayar da Mama Tani gida ta riƙe mini hannu ta ce, da ƙarfi har maƙwabta suna ji, in zo da wuri mako mai zuwa, ba ta son shiga an fara.

Na ce to, Mama.